Hotunan Baibai

Idan na gama riga, baibai nake juya ta kafin in ɗauki hotonta. Haka na saba. Gaban riga kowa ya iya shi, yadin ne ke yin rabin aikin. A ciki ake gane tela: yadda kalmasa ta kwanta, yadda aka kama hammata, ko an bar zare yana reto. Shi ya sa hotunana da ke cikin tabulet ɗin shagonmu duk na ciki ne. Babu fuska, babu murmushi, sai ɗinki da ɗan yatsana a gefe yana danne shafi.

Shagon na Goggo ne, ƙanwar babanmu. Ɗaki ɗaya ne mai tsawo, da labule a tsakiya. A gaban labule akwai teburin yanka, bencin kwastomomi, keken Goggo, da keken bakin taga. A bayan labule akwai dutsen guga, buhun ƙyallaye, da wani tsohon keke mai taurin ƙafa da ba a yin komai da shi sai kalmasa da sa zif. Keken bakin taga nawa ne. Shekara shida ina kansa. Fentin gefensa ma ya goge daidai inda nake ɗora hannu.

Shiru Goggo ke kirana, kuma sunan ya bi ni har titi. Idan kwastoma ta yi mini tambaya, amsar tana nan a kaina, amma kafin ta iso baki an wuce wurin.

Sai Auta ta gama makaranta ta dawo shago. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na tsaya a aji huɗu lokacin da jinyar Mama ta yi tsawo, ita kuwa ta yi karatunta har ƙarshe. Ni na goya ta, ni na koya mata zura zare a allura. Ba zan ce ba na son ta ba. Amma daga ranar da ta ɗauki tabulet ɗin nan, wani abu ya zauna mini a ƙahon zuciya.

Tabulet ɗin shi ne littafin samfurinmu. Kwastoma za ta zauna a benci tana shafa shi har ta ga ɗinkin da ya yi mata, kuma dokar Goggo ita ce wadda aka zaɓi samfurinta ita za ta ɗinka. Auta ba hoto take ɗauka ba, bidiyo take yi. Ta sa rigar a jikinta, ta fita ƙofar shago inda haske yake, ta juya, ta kama ƙugu, ta yi dariya. Mata su taru a kan allon suna cewa, “Kai, wannan yarinya da hannu take!”

Ni kuwa na san hannun. Da rana, idan ta fita ɗaukar bidiyonta, Goggo za ta jefo mini riga ta ce, “Shiru, ɗan bi mini hammatar nan, ta yi gaggawa.” In warware, in sake, in datse zaren da ta bari. Gobe mai rigar ta zo ta rungume Auta.

Wata ranar Talata tabulet ɗin ya ƙi ɗaukar komai. Auta ta danna, ta sake dannawa, wani rubutu yana ta fitowa.

“Goggo, ya cika,” in ji ta. “Babu wuri ko na hoto ɗaya.”

“Cika kamar yaya? Bokiti ne?”

Aka kira Mai Gyara, mutumin da shagonsa na wayoyi ke jikin namu. Ya shigo da tabarau a goshi, ya duba, ya yi fito.

“Goggo, wannan ya fi durowarki cika. Ita ko ba komai tana rufuwa idan an sa mata gwiwa.”

“Bar durowata, ba da ita aka kira ka ba. Sabo za mu saya?”

“A’a. Hanya biyu ce.” Ya ciro wani ɗan ƙarfe daga aljihu, bai kai tsawon babban yatsa ba. “Wannan filash ne, bakinsa irin na cajin tabulet ɗin. A soka shi, a kwashe kaya a zuba, a cire a ajiye. Ɗayar hanyar kuma ma’ajiya ce a intanet. Ku ɗauka ɗaki ne aka ba ku a sama. Nauyin bidiyon ya koma can, amma kina ganin sa a nan, kina taɓawa ya buɗe. Duk abin da kika gani a nan, yana can.”

“A sama?” Goggo ta dubi silin. “Wa ke gadin ɗakin? Idan aka yi ruwa fa?”

“An rufa masa kwano, Goggo, ni na buga da hannuna.”

Suka yi ta dariya. Ni ina kan kekena, kunnena yana wurinsu.

Ya ce ɗakin saman ma ba shi da girma sosai, don haka a zaɓi abin da ake nuna wa mutane ya zauna, sauran a zuba a filash. Auta ce ta iya karanta abin da ke fitowa, saboda haka ita ta yi rabon. Ta zauna a benci tana shafawa, can ta ƙyalƙyale.

“Yaya, mene ne wannan? Duk hotunan nan sun lalace. Riga baibai, riga baibai, ga hammata, ga wata hammatar. Sun fi ɗari huɗu! Wa zai zo shago kallon hammata?”

Na buɗe baki. Na so in ce ba lalacewa suka yi ba, haka na ɗauke su. Abin da ya fito shi ne, “To.”

Kafin in gama hannun rigar da ke gabana, aikina na shekaru ya shige cikin ɗan ƙarfen nan. Auta ta jefa shi a gwangwanin maɓallai, ta rufe.

Da ma ba kowa ke tsayawa a kan hotunana ba, amma tsofaffin kwastomomi sun san su, kuma wata kan tsaya ta ce, “Wa ya yi wannan tsaftar?” Yanzu ko wannan babu. Duk wadda ta buɗe tabulet, Auta take gani: Auta a shuɗi, Auta a ja, Auta tana juyi. Sati uku ban yanka riga ko ɗaya ba. Zif, kalmasa, gyaran hammatar Auta. Idan na zo ɗaukar maɓalli sai yatsana ya taɓa filash ɗin a ƙasan gwangwani, in ji kamar ni ce a kwance a wurin.

Na fara lura da abubuwan da ba su kai a lura da su ba. Yadda Goggo ke cewa “’yar nan” idan tana maganar Auta. Yadda ita Autar take ajiye almakashina ba a inda ta ɗauka ba. Har dariyarta, wadda da nake yi mata cakulkuli don in ji, ta koma tana shigar mini kunne kamar ƙarar allurar da ta karye.

Ranar Asabar Goggo ta tsaya a tsakiyar shago tana naɗe tef ɗin awo a hannu.

“Ku saurara. Ranar Litinin babbar nas ta asibitin bayan tasha za ta zo. Rigunan aiki take so na ma’aikatanta duka. Za ta duba samfuri. Wadda ta zaɓa ita ke da aikin, kuma ita za ta zauna a bakin taga, don ba zan yi aikin asibiti da keke mai ciwon ƙafa ba.”

Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Ita ma ta san abin da ke cikin tabulet ɗin.

“Goggo, keken Yaya ne fa,” in ji Auta.

“Keken shago ne. Kuma ke mutane suke nema, ba kyau a ce kullum sai an leƙa bayan labule neman ki.”

Na ga Auta ta saci kallon tagar. Kallo ɗaya ne. Shi na kwana da shi, na wuni da shi ranar Lahadi.

Ni ke riƙe da makullin shago, don ni ke fara zuwa in yi shara. Ranar Litinin na buɗe da sassafe, na share, na goge kekena, na ɗiga masa mai. Tabulet yana kan teburin yanka yana caji. Na daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu.

Maganar Mai Gyara ce ta dawo mini: duk abin da kika gani a nan, yana can. To idan yana can, ai cire shi daga nan ba ɓarna ba ce. Kamar a kwashe kaya daga kan tebur ne alhali akwai irinsu a ɗaka. Yau ɗaya kawai. Nas ta zo ta tafi, gobe Auta ta sauko da kayanta daga samanta. Ita ma ta ɗanɗana zaman gwangwani na wuni guda.

Ban iya karatu da sauri ba, amma na san hoton kwandon shara. Na danne bidiyon farko har alama ta fito, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Fuskarta tana ta yi mini dariya a ƙarƙashin yatsana. Da na taɓa kwandon, wani rubutu mai tsawo ya fito. Ban tsaya haɗa baƙaƙensa ba. Na danna inda na ga Auta na dannawa.

Allon ya zama fayau. Wallahi na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba.

Auta ta iso da sabon ɗankwali, ta gaida Goggo, ta ɗauki tabulet. Na ga yatsanta ya tsaya.

“Goggo, wa ya taɓa wannan?”

“Me ya faru?”

“Babu komai a ciki. Babu ko ɗaya!”

“To ki sauko da na saman mana,” na ce. Ni kaina na yi mamakin jin muryata.

Ta ciro wayarta, ta shiga ma’ajiyar, ta duba, ta sake dubawa. Sai ta zauna a benci a hankali.

“Can ma babu. Haɗe suke, Yaya. Idan aka goge a nan, can ma ya tafi.”

Ƙafata ta sauka daga kan keke. Wata takwas tana yin bidiyon nan. Akwai wanda ta sake ɗauka sau goma don mota ta gifta. Na dube ta, hawaye na bin gefen hancinta yadda yake yi tun tana ƙarama, sai na kawar da kai. Amma ko a lokacin, can ƙasa, akwai wani ɗan wuri a zuciyata da bai yi nadama ba.

“Kira Mai Gyara!” in ji Goggo.

Shagonsa a rufe, ya tafi sayo kaya. Kafin a sake wata magana, mota ta tsaya a ƙofa.

Babbar nas mace ce gajera, mai farin takalmi da agogo a ƙirji. Ba ta zauna ba.

“Minti goma gare ni. Ina samfurin?”

Goggo ta fara kame-kame, wai na’ura ce ta yi gardama. Auta ta share fuska da bakin ɗankwali, ta miƙe, ta zazzage gwangwanin maɓallai a kan tebur. Ta tsinci filash ɗin, ta hure shi, ta soka a gindin tabulet. Hotunana suka cika allon.

Nas ta shafa ɗaya, biyu, biyar. Ta ɗaure fuska.

“Wannan kuma mene ne? Ba ku san gaban riga ba a shagon nan?”

“Shiru, yi mata bayani,” in ji Goggo. “Aikinki ne.”

Ga abin da na nema ya zo har gabana. Na tashi. Na san komai: wannan ɗinki biyu ne a hammata don kada ya ɓarke idan an ɗaga hannu, wannan an naɗe bakin yadin ciki don kada wanki ya cinye shi. Duk yana kaina a jere. Na dubi agogon da ke ƙirjinta, na dubi takalminta, harshena ya yi nauyi kamar dutsen guga.

“Ciki ne,” na ce. Shi ke nan.

Nas ta duba agogo.

Sai Auta ta matso, idonta jajur. “Anti, ba kuskure ba ne, da gangan take ɗauka haka. Rigunanku kullum ake wanke su, ko ba haka ba? Ina suke fara mutuwa?”

“Hammata da aljihu,” in ji nas. “Telan da ya yi mana na bara, wata biyu muka koma kamar masu fiffike.”

“To duba nan.” Ta buɗa hoton da yatsu biyu har zaren ya fito ɗaya-ɗaya. “Layi biyu ne. Ga bakin aljihu, ta kama shi sau uku. Nemo mini zare ɗaya da ke reto, in ba ki ɗankwalin nan kyauta. Rigar da ke jikina ma ita ta bi cikinta, shi ya sa nake iya rawa da ita.”

Nas ta zauna. Minti gomanta ya zama rabin awa. Ta juya bakin hannun rigar Auta ta duba, ta sa na kawo wadda nake kalmasa ta duba. Da za ta tafi ta nuna ni da makullin mota.

“Wannan mai shirun nake so ta ɗinka.” Sannan ta dafa kafaɗar Auta. “Ke kuma bakinki ya iya ciniki. Da kin zo asibiti da marasa lafiya sun sha magani ba gardama.”

Suka yi dariya tare har ƙofa. Aikin nawa ne, keken nawa ne, amma kafaɗar Auta aka dafa. Na tsaya ina tsince maɓallai ina mayarwa a gwangwani, ina jin haushin abin da ban san sunansa ba.

Bayan azahar Mai Gyara ya dawo. Ya ji labari, ya sauke tabarau kan hanci.

“Ku kwantar da hankali. Ɗakin saman yana da kwandon shara, kuma ba a kwashe shi sai bayan wata guda.” Ya danna nan, ya danna can, sai ga Auta a shuɗi, Auta a ja, duk sun dawo. Auta ta yi tsalle ta rungume Goggo.

“Amma fa ba da kansu suka shiga kwando ba,” ya ce. “Sai an zaɓe su ɗaya-ɗaya, kuma sai ya tambaya ko an tabbata. Jiya da yamma ai suna nan?” Ya dube mu, ya ga yadda ɗakin ya yi, ya mayar da tabarau goshi. “Ni dai na bar shayi a kan wuta.” Ya fice.

Goggo ba ta tambayi kowa ba. Ta san wa ke buɗe shago.

“Ni ce,” na ce. “Na ɗauka na saman zai zauna.”

“Na saman zai zauna,” ta maimaita. “Wato na ƙasan da niyya kika yi.”

Na sunkuyar da kai.

“Na riga na faɗa a gaban mutane, aikin naki ne, keken ma ki zauna. Amma ba ni makullina.”

Na kwance shi daga bakin zanena. Shekara shida yana nan, har ya yi wa zanen gurbi. Ta karɓa, ta miƙa wa Auta.

Da Goggo ta fita sayo zare, muka rage mu biyu. Ina yanka, tana zaune a benci tana juya makullin a yatsa.

“Tun da kika ce in sauko da na sama na gane,” ta ce. “Ke da ba kya magana sai an matsa miki.”

“To me ya sa kika yi mata bayanin?”

“Don kada aikin ya bar shagon. Kada ki ɗauka don ke ne.” Ta ja hanci. “Kuma ban taɓa buɗa hotunan nan na duba ba sai yau. Da kin ce mini ba lalacewa suka yi ba ai da ban kwashe su ba. Ke komai ‘to’. Mutum ya taka ki, ‘to’. Sai ya juya baya ki goge shi.”

Na ci gaba da bin layin alli.

“Kuma makullin nan masifa ne,” ta ce. “Yanzu ni zan riƙa tashi da sassafe ina shara. Kin cuce ni sau biyu.”

Dariya ta kusa kuɓuce mini, na danne.

Washegari ta rage bidiyoyinta da suka yi kama da juna, ta zuba su a filash, ta dawo da hotunana arba’in cikin tabulet, su ma suka hau sama. Ita ta zaɓa, ba ni ba. Filash ɗin kuma ta ɗaura masa jan ƙyalle ta rataye a ƙusa kusa da tagata.

Yanzu sai in iso in tarar da shago a buɗe, an yi shara rabi da rabi, ƙyallaye a ƙarƙashin tebur. In zauna a kekena in ɗauki farin yadin asibiti. Jiya wata mata ta tsaya a kan hotunana, Auta ta buɗa mata hammata tana ta zuba bayani, matar tana gyaɗa kai.

“Kai, kin san ɗinki, ’yar nan,” in ji matar.

“Yayata ce ta yi,” Auta ta ce, ta nuna ni da haɓa.

Matar ta waigo ta yi mini murmushi, sannan ta koma ga Auta suka ci gaba da hirarsu. Na taka keke da ƙarfi har ya rufe muryarsu.